Keke a Ƙasar Yashi da Ƙaya: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Jama'ar Gumel da Maigatari, na Gagarawa da Sule Tankarkar, yau a kan keke za mu zaga, kuma ba mai biyan kuɗin mai. Kowa ya tattare rigarsa, sarƙa ba ta san babba ba.

Keken farko da aka yi a Jamus a 1817 na katako ne, ba feda ba sarƙa, mutum ya hau ya dinga tura ƙasa da ƙafafunsa. Abin da ɗan Ɗanzomo ke yi duk sanda ya faɗa yashi, ashe ya taɓa zama sabuwar fasaha.

A shekarun 1870 kuwa yayin keke mai ƙatuwar ƙafar gaba aka yi a Ingila, wata tsayinta ya kai mita 1.5, ta baya kuma 'yar mitsitsiya. Mahayi na can sama, in dutse ya tokare shi da ka yake sauka. Hawa da taƙama, sauka da salati.

Siffar da muka sani yau, ƙafa biyu kusan kai ɗaya da sarƙa mai jan ta baya, a 1885 ta fito a garin Coventry. Tun daga nan kwalliya ake ta canjawa, ƙashin na nan yadda yake.

Taya mai iska kuma wani likitan dabbobi ne ya haɗa ta a Belfast a 1888, don ɗansa ya huta da jijjiga a kan kekensa mai ƙafa uku. Da ya taɓa taka tsidau a hanyar Medu, da ya sake shawara.

Shi tsidau ɗan haki ne mai shimfiɗa a ƙasa da fure ruwan ɗorawa, amma 'ya'yansa in sun bushe, ko ta yaya suka faɗi sai wata ƙaya ta kalli sama. Ba wanda ya kai shi samar wa mai faci abinci, kuma bai taɓa neman kamasho ba.

Ƙayar aduwa da farar ƙaya ba sa ɓoye-ɓoye, shiga ɗaya su ratsa taya su ratsa tiyub. Ta tsidau ce munafuka, ta karye a ciki iska ta dinga sulalewa, a kwana lafiya a tashi a tarar da ƙafa a kwance. Sata ba fasa ƙofa.

Da damina manomi kan tare gonarsa da rassan ƙaya saboda dabbobi, in kaka ta wuce shingen ya watse a kan turba. An yi don akuya, mai keke ke biya.

Ku tsaya ku kalli mai faci da kyau: ya hura tiyub, ya dinga nutsa shi gaɓa-gaɓa cikin kwanon ruwa har kumfa ta tona asiri, ya soka tsinke a ramin don kada ya ɓace masa. In ba ruwa, kusa da leɓe yake kai shi, nan fata ta fi jin iska. Asibiti guda a gindin darbejiya.

Sirrin faci ba yawan sholisho ba ne: a kankare wurin ya yi kaushi, a shafa kaɗan, a bari ya sha iska, sannan a manna a danne. Mai gaggawa da ɗanye yake liƙawa, ya dawo kafin la'asar. Rami ɗaya, kuɗin faci biyu.

Wanda ya san aiki ba ya mayar da tiyub sai ya zagaya cikin tayar da yatsa, don sau da yawa ƙayar na nan zaune tana jiran sabon faci. Mai laifi na ciki, ana ta bincike a waje.

Rami biyu gefe da gefe kuwa ba aikin ƙaya ba ne, iska ce ta yi kaɗan, ƙarfen rim ya datse tiyub lokacin da aka daki bakin kwalta. Wani lokacin tsidau ma ƙazafi ake yi masa.

Kafin a kwance ƙafa, a fara tofa yawu a bakin bawul; in ya yi kumfa, 'yar robar ciki ce ta mutu, ba huda ba. Kowa da kayan gwajinsa a baki.

Bawul ɗin ma iri 3 ne ke yawo: na tsohon keke mai 'yar roba, mai kauri irin na mota da babur, da siriri na keken tsere. Ka sayo keken gwanjo da murna, ka iso gida famfonka ya ce bai san shi ba.

Dabarar ƙauye ce a tsaga tsohon tiyub ko tsohuwar taya a shimfiɗa cikin sabuwa, ƙaya ta sha aiki kafin ta isa inda take so. A Turai ma ana sayar da irin wannan shimfiɗar a cikin kwali. Tamu kwalin ne kawai babu.

Yayin 'yan tsere na yanzu shi ne taya marar tiyub, a ɗura mata wani ruwa mai danƙo, ƙaya na hudawa ya toshe ramin da kansa ana cikin tafiya. Sai dai ruwan bushewa yake cikin 'yan watanni, kuma zafin bazarar Gumel ba ya da haƙurin jira. Masu faci, ku kwantar da hankalinku.

Keken da aka cika wa iska tam aka jingine a rana tsakar Afrilu, iskar na kumbura, tsohon faci na sakewa. Ƙarar nan da ta tarwatsa kaji a bayan rumfa, ba bindiga ba ce.

A cikin yashi taya mai tauri nutsewa take yi, amma a rage mata iska kaɗan ta baje, sai ta bi ta kai kamar tafin raƙumi. Darasin kyauta ne, duk Alhamis ana koyar da shi a kasuwar Maigatari.

Har keke aka ƙera musamman don haka, faɗin tayarsa ya kai santimita 10, na tafiya a kan ƙanƙara da rairayi. In ya hau kwalta kuwa sai nishi. Gwani a jigawa, malalaci a titi.

Gogaggen mai tuƙi a yashi ba ya taɓa birkin gaba, ba ya murɗa kan keke da ƙarfi, baya yake komawa a kan sirdi ya ci gaba da taka feda. Wanda ya tsaya tunani ya sauka ya tura.

Damina ce lokacin daɗin keke a nan, ruwa na sauka yashi ya kame, turbar da ta gagara da rani ta zama titi. Amma birkin roba a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe sai ya yi shawara kafin ya kama. Tafiya ta gyaru, tsayawa ta lalace.

Masu yi wa sarƙa wanka da baƙin mai da hunturu, ƙura da yashi suke gayyata, su manne su dinga cin haƙoran a hankali. Ɗigo kaɗan a kowace gaɓa, a goge saura da tsumma. Sarƙa ce, ba wainar gero ba.

Sarƙar da ake cewa ta miƙe, ƙarfenta bai ƙara tsayi ba, 'yan ƙusoshin cikin gaɓoɓin ne suka cinye. Mai gyara ya cire gaɓa ya ja ƙafar baya, a ce an gama. An rage mata tsayi, ba a rage mata shekaru ba.

Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, ko a Sin aka yi ta, ko a Indiya, ko a Ingila. Duniya ta kasa shiryawa a kan abubuwa da yawa, a nan dai baki ya zo ɗaya.

Fedar hagu a juye ake kwance ta, zarenta ba irin na sauran noti ba ne, don kada takawa ta dinga warware ta. Yaron shago yakan gano haka bayan ya kusa karya sufana. Maigida na gefe yana cin goro.

Ƙas-ƙas ɗin nan da tsohon keke ke yi a kowane juyi, galibi kota ce ta saki. Guduma ce ke zaunar da ita, notin na riƙo ne kawai, mai ɗaure shi da ƙarfi tsinke shi zai yi. Akwai ciwon da lallashi ba ya yi masa.

Boris 9 ke zama kowane gefe a cibiyar ƙafar baya ta yawancin kekuna, kuma duk ranar da aka kwance sai ɗaya ya gangara cikin yashi. Shi ya sa ake shimfiɗa buhu, a dasa su cikin giris ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsere, sai damina ta tono shi.

Wayoyin ƙafar keke sirara ne har yaro na iya lanƙwasa ɗaya, amma 36 in an ja su daidai sai su ɗauki mutum da buhun gero, don ƙarfinsu a ja yake ba a tokara ba. Miƙar da ƙafar da ta karkace shi ke raba gwani da ɗan koyo. A ɗaure nan kaɗan, a sassauta can kaɗan, a rufe ido ɗaya.

Tsohon keken Ingila waya 32 yake da ita a gaba, 40 a baya. Maƙerin bai taɓa zuwa Galadi ba, amma ya san inda buhu zai zauna.

Lamba 28 da ke jikin taya ba rantsuwa ba ce: ta baƙin keke bakinta milimita 635 ne, ta yawancin kekunan Turai na yanzu 622, kuma duka 28 ake ce musu. Mai lamba 27 ma 630 gare ta, wato ta fi wata 28 ɗin girma. Tafi kasuwa da tsohuwar tayarka, ka bar lissafi a gida.

A keken Ingila da na Japan hannun dama ke kama birkin gaba, a na Amurka da yawancin Turai kuwa hagu ne. Gwanjo ya haɗa su wuri ɗaya bai yi wa kowa bayani ba. A gwada a ƙofar shago, ba a gaban saniya ba.

Raleigh na Nottingham kan zalɓe ne tambarinsa, Phoenix na Shanghai tsuntsu ne, Flying Pigeon ma tantabara ce. Duk 'yan sama ne, amma in an shiga yashin Sule Tankarkar kowa da ƙafa yake fita.

Baƙin keke mai sanda da birkin ƙarfe yakan kai kilo 20, alhali a manyan gasanni doka ce keken tsere kada ya gaza kilo 6.8, don maƙera sun iya yin wanda bai ma kai haka ba. A ɗora wa kowanne buhun riɗi mu ga mai jin kunya.

Keken tsere mai tsada da zaren kabon ake yin gangar jikinsa, ba nauyi ko kaɗan, amma in ya tsage mai walda sai dai ya yi maka jaje. Na ƙarfe ko biyu ya rabe, kafin ka gama shan shayi an ɗinke shi a bakin tasha. Da tsohuwar zuma ake magani.

Gasar keke ta zagaye Faransa da aka fara a 1903 ba ta sakar wa 'yan tsere na'urar canja giya ba sai 1937, kafin nan mutum sauka yake ya juya ƙafar baya in ya zo hawa. Mu da ba mu da tudu sai na yashi, saurayi ya dage sai mai giya 21. Biyu na tuƙi, saura na hira a majalisa.

Akwai ma giyar da ba ta da waya, da batir take canjawa, sai an yi mata caji. Yau ba zuwa gona, giya na jiran a kawo wuta.

Keke mai lantarki ya cika biranen Sin da Turai, kana takawa inji na taya ka. Batirinsa dai ba ya shiri da zafi, barinsa a rana na rage masa kwana. Ranar caji muna da ita har ta yi yawa, inuwar ajiya ce sai an nema.

Keken hawan dutse, wanda samari suka fara a Kalifoniya a shekarun 1970, shi ya jawo yayin sifirin gaba da baya. Na arahar da ke iso mana kuwa, kana takawa yana dangwala, ƙarfinka na tafiya a banza. Kuɗin keke ka biya, aka haɗa maka da lilo.

Keken gwanjo marar sanda, mai kwando a gaba da murfin sarƙa, wanda matan Japan ke zuwa cefane da shi, a nan dattawa ne suka fara gane shi. Ba ɗaga ƙafa sama, ba yagewar babbar riga. An yi don uwargida, ya dace da maigida.

Baƙin keke mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya, juyin feda ɗaya yana cin kusan mita 5.5. Daga Gumel zuwa Maigatari, kilomita 20 da 'yan kai, juyi wajen 4,000 ke nan. Kada ka wahalar da kanka, gwiwa na ƙirgawa.

A 2022 wani gwani ya ci sama da kilomita 56 cikin awa ɗaya a filin tsere mai rufi, wato ya je Maigatari ya dawo Gumel da sauran lokaci. To, amma ba iskar gabas, ba kaya a kariya.

A 2018 kuma wata mata a Amurka ta kai gudun kilomita 296 a awa a kan keke, tana bin bayan motar da ke kare mata iska. Masu cewa keke ba na mata ba ne, ga amsarku ta wuce.

Ranar Alhamis ba abin da kariyar keke ba ta ɗauka a hanyar Maigatari: kejin kaji, zabi, jarkoki, damin harawa, da ɗan akuya a ɗaure yana kallon inda aka fito. Wasu maƙeran kan rubuta iya nauyin da za ta ɗauka. Ba wanda ya karanta wa akuya.

Daga Maigatari in ka miƙa arewa ka shiga Nijar ta hanyar Dungas, kuɗi ya koma sefa, rubutun bakin hanya ya koma Faransanci. Tsidau dai yarensa ɗaya.

Tiyub ba ya mutuwa: in faci ya fi shi yawa sai a yanka shi sili-sili ya zama igiyar ɗaure kaya, ko danƙon harbin tsuntsu, ko abin naɗe tiyo mai yoyo, ko facin wani tiyub. Ritaya ba fansho, sai ƙarin aiki.

Tsohon rim kuwa rabon yara ne, a samu kara a bi shi ana gare har magariba. Abin hawa ɗaya tilo da bai taɓa ganin mai faci ba.

Yaron da ƙafarsa ba ta kai feda ba ba ya jiran tsayi, ta ƙarƙashin sanda yake zura ƙafa, shi ya karkace nan keke ya karkace can. Ba makarantar da ke koyar da wannan. Tabon gwiwa ne takardar shaida.

Keken haya da lokaci ake biya, kuma mai haya ya san agogon yaro ba ya tafiya in yana kan sirdi. Birki kuwa silifa ne a kan taya. Uwa na ta mamakin takalmin da ke cinyewa ta ƙafa ɗaya.

Sabon keke wasu ba sa cire takarda da ledar da aka naɗo shi da su sai sun gaji sun faɗi, sannan a bi da tef mai launi, furen roba da madubi biyu ko huɗu. Madubin na gyara hula ne, na baya ya yi ta kansa.

A zamanin En'e keke ma lasin ake yankar masa, a ba ka 'yar lamba ka maƙala, ɗan doka na iya tare ka a kanta. Yau babur ya gaje wannan ɗaukakar, keke bai yi ƙorafi ba.

Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa, a 1930 ya kai ƙarshensa, gyaɗa ta samu hanyar fita. Kuɗinta ya saya wa manoma da yawa kekensu na farko, yau riɗi da zoɓo ke wannan hidimar. In kaka ta yi kyau, ƙararrawa ke ba da labari.

A ƙasar Sin ta shekarun 1970 gidan ango ba ya cika sai da abu 4: keke, keken ɗinki, agogo da rediyo. Dattawanmu in sun ji za su ce ai 'yan garinmu ne.

Fitilar dainamo taya take guga ta ba da wuta, ka yi gudu ta haska, ka sassauta ta lumshe, ka tsaya ta mutu. Daidai inda kake son ganin rami nan take barinka. Yanzu tocila ce ɗaure da roba, ko waya a baki.

'Yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgin sama mai inji a Amurka a 1903 masu shagon keke ne, har sarƙa suka sa tana juya farfelar. Gobe in ka wuce mai gyara a gindin bishiya, ka gaishe shi da kyau.

A Gana da gora ake yin gangar wasu kekuna, a ɗaure mahaɗan da zare da gam, har a kai Turai a sayar. Kafin wani ya fara kallon karan gero: a'a.

A Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma duk shekara dubbai ake tsamowa daga magudanan ruwan Amsterdam. Da ruwan da kekunan, duk wanda aka turo mana muna da wurin sa shi.

Keken guragu masu walda ne ke haɗa shi da ƙafafun keke 3, su ɗauke feda da sarƙa su kai sama inda hannu zai kama. Ƙirar gida ce, kuma kayan gyaransa na nan a wajen kowane mai faci. Wannan kam sai jinjina.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kekunan da suka yi shekaru a rataye a zaure suka fara saukowa. Masu yi musu dariya jiya su ke tambayar kuɗin taya yau.

Mai niyyar sauko da nasa ya fara da sabon tiyub da robar birki, a wanke boris da kananzir a sake giris, sannan a ɗaga sirdi har ƙafa ta kusa miƙewa in feda na ƙasa. Kuma Malam, kada ranar farko ta zama Alhamis, a fara da zuwa masallacin unguwa.